Zato Zunubi Ko Da Ya Zama Gaskiya? Sharhi a Kan Wasan Talabijin na Mr. Robot

GABATARWA

Bahaushe ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Da wannan magana aka rene mu, kuma da ita manya ke kwaɓar duk wanda ya cika tsarguwa da mutane. To amma yaya za a yi da wanda aka ɗauka aiki musamman domin ya yi zato, watau mai gadi? Yaya kuma za a yi in wanda ake zaton kamfani ne da ya san sunanka da lambar wayarka da yawan bashin da ake bin ka, alhali kai ko ƙofar ofishinsa ba ka taɓa gani ba? A kan wannan tambaya aka gina wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Mr. Robot, wanda tashar USA Network ta Amurka ta nuna daga watan Yuni na 2015 zuwa Disamba na 2019, zango 4, kashi 45. Wanda ya ƙago labarin shi ne Sam Esmail, Ba'amurke ɗan asalin Masar, kuma daga zango na biyu har ƙarshe shi ya ba da umurni ga kowane kashi. Babban tauraron wasan, Rami Malek, shi ma iyayensa mutanen Masar ne, ya kuma ci lambar yabo ta Emmy a 2016 saboda rawar da ya taka a ciki.

Wani zai ce me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da wasan Amurkawa? Da fari dai, ɗalibai da yawa suna kallon irin waɗannan wasanni a wayoyinsu, suna tura wa juna a ɗakunan kwana, abin da ake ci kullum kuwa ya kamata a san da abin da aka dafa shi. Na biyu, ma'aunin da malamanmu suka koya mana na jigo da zubi da salo tamkar mudu ne, kowane irin hatsi yana aunawa. Abin da nake son in nuna a wannan ɗan sharhi shi ne, wasan ya yi gwaninta ƙwarai wajen nuna cewa zargin da talaka ke yi wa babban kamfani yana da tushe, ya kuma nuna yadda zargin kan koma makami a hannun wanda ake zargi. Amma da aka zo ƙarshe sai ya ja da baya, ya mai da ciwon jama'a ciwon mutum ɗaya.

LABARIN A TAƘAICE

Elliot Alderson saurayi ne masanin kwamfuta a birnin New York. Da rana yana aiki a wani ƙaramin kamfani mai suna Allsafe, wanda sana'arsa ita ce tsare kwamfutocin manyan kamfanoni daga 'yan kutse. Da dare kuwa shi kansa ɗan kutse ne, yana shiga wasiƙu da asusun duk wanda ya sani, har matar da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa bai ƙyale ba. Ba ya iya zama cikin mutane, ba ya son a taɓa shi, yana kuma shan ƙwaya domin ya danne kaɗaici. Babban abokin cinikin Allsafe shi ne E Corp, wani gawurtaccen kamfani mai bankuna da kantuna da masana'antun kwamfuta da waya, wanda aka ce kashi 70 cikin 100 na bashin da ake bin jama'ar duniya a hannunsa yake. Elliot yana da tsohuwar ƙullalliya da wannan kamfani, domin gubar da ta tsiyaya daga wata masana'antarsa a 1993 ita ta jawo wa mahaifinsa sankarar jini, haka ma mahaifiyar ƙawarsa ta yarinta, Angela Moss, sa'an nan manyan kamfanin suka binne maganar.

Ana nan sai wani mutum mai tsohuwar riga da aka rubuta Mr. Robot a ƙirjinta ya tare shi a jirgin ƙasa, ya kai shi wurin wata ƙungiyar 'yan kutse mai suna fsociety. Shirinsu shi ne su kulle kundin bashin E Corp da makullin da ba mai iya buɗewa, su kuma lalata kwafin da aka adana, kowa ya wayi gari ba a bin sa ko anini. Suka nemi taimakon wata ƙungiya ta ƙasar Sin, Dark Army, wadda shugabarta ke da fuska biyu: a bainar jama'a Minista Zhang ne mai kula da tsaron ƙasa, a ɓoye kuwa mace ce mai suna Whiterose. Ran 9 ga Mayu, 2015, bisa lissafin wasan, aikin ya tabbata. Zango na farko ke nan. Sauran zangon uku labarin abin da ya biyo baya ne.

JIGO: DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Wanda ya ji an ce wasa ne na 'yan kutse zai yi tsammanin na'ura ce ke faɗa da na'ura. Ba haka abin yake ba. In mai karatu ya bi kowane kutse da aka yi a wasan, zai tarar da mutum a gindinsa, mutumin da aka yaudara, ko aka tsorata, ko aka saya. Ga misalai. Saurayin Angela ya karɓi faifai daga hannun wani da ya yi shigar mawaƙin bakin titi, ya sa a kwamfutarsa don jin kiɗa, ashe tarko ne. Da asirin da aka kwasa ta nan aka tilasta Angela ta kai faifan ofishin Allsafe da hannunta. Tyrell Wellick, wani babban ma'aikacin E Corp mai kwaɗayin muƙami, ya yaudari mataimakin shugaban kamfanin har ya sami wayarsa ya dasa mata abin leƙe, don kawai ya san wa za a ba kujerar da yake nema. Da Elliot ya so shiga Steel Mountain, ma'adanar faya-fayan E Corp wadda aka ce ba ta fasuwa, bai haura katanga ba. An ƙaga masa sunan ƙarya, aka rubuta masa tarihin ƙarya a Wikipedia cewa shi hamshaƙin attajiri ne, sa'an nan ya tsaya gaban wani bawan Allah mai zagayawa da baƙi, Bill, ya ci masa mutunci da maganar cewa ba wanda ya damu da shi a duniya, har mutumin ya karaya ya kira na gaba da shi. Ko a hukumar 'yan sandan ciki ta FBI, shugaban jami'ar da ke binciken lamarin, Dominique DiPierro, ɗan rahoton Dark Army ne, kuma da aka kashe shi ita aka tilasta ta gaje shi, da barazanar a hallaka danginta.

Jigon wasan ke nan a ganina: leƙen asirin kamfani cin amana ne kafin ya zama fasaha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa kwaɗayi ce da tsoro da kaɗaici. Shi kansa Elliot mai gadi ne da ya buɗe wa ɓarayi ƙofa, ya bar ubangidansa Gideon Goddard, mutumin kirki da ya riƙe shi kamar ɗa, da ɗaukar laifi. Ɗalibin Hausa ba baƙo ne ga wannan jigo ba. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, haɗarin da ya fi yi wa Sarki Abdurrahman barazana yana cikin fadarsa, watau Wazirin da ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Bambancin kawai shi ne Imam ya nuna mana mugu tun farko, ya kuma ba mu aku mai tsare amana. A Mr. Robot babu aku. Wanda ke ba mu labarin shi ne Wazirin.

MU MA MUN SAN KAMFANI

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tatsuniya ce ta Turawa. Mu mutanen ƙasar Gwandu, da kamfani muka fara gamuwa kafin mu gamu da gwamnatin Ingila. A 1885 kamfanin National African Company na George Goldie ya aiko wani Bature mai suna Joseph Thomson cikin gaggawa, domin ya riga wani Bajamushe, Eduard Flegel, isowa. A watan Yuni na shekarar Thomson ya sami sa hannun Sarkin Musulmi Umaru da na Sarkin Gwandu Maliki a kan takardun yarjejeniya. Masana tarihi sun nuna cewa abin da sarakunan suka fahimta shi ne izinin ciniki da wani kuɗi da za a riƙa ba su shekara-shekara, kamfani kuwa ya kai takardun Turai a matsayin shaidar cewa ƙasar ta shiga hannunsa. A 1886 ya sami izinin mulki daga gwamnatin Ingila, ya koma Royal Niger Company. A 1897 sojojinsa suka ci Bida da Ilori, waɗanda ke biyayya ga Gwandu. Ran 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannunsa, ta biya shi fam 865,000, kuma a 1903 Sakkwato ta faɗi. Duk bafaden da ya yi wa baƙon ɗan kasuwan nan na 1885 mummunan zato, shin zunubi ya yi?

A zamaninmu ma haka. A Disamba na 2010, cikin wasiƙun jakadun Amurka da WikiLeaks ta tona, an ga wata ta 2009 wadda ta ruwaito wata babbar jami'ar kamfanin mai na Shell tana gaya wa jakadiyar Amurka cewa kamfanin yana da mutanensa a ma'aikatun gwamnatin Nijeriya da suka shafe shi, don haka ya san abin da ake yi a ciki. Kamfanin ya musanta cewa yana leƙen asiri, kuma adalci ne a faɗi haka. Sa'an nan ga manhajojin ba da rance ta waya, waɗanda ke kwashe lambobin mutanen da ke wayar mai cin bashi, in ya makara su aika wa surukinsa da malaminsa cewa ɓarawo ne, har sai da hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta kai wa ofisoshin wasunsu samame a Legas a 2022. Wannan E Corp ne ƙarami, bashi a hannu ɗaya, asiri a ɗayan.

ZARGI: GASKIYA, CUTA, DA MAKAMI

Inda wasan ya fi burge ni shi ne bai tsaya ga cewa mai zargi yana da gaskiya ba. A kashi na farko Elliot yana ganin wasu mutane masu baƙaƙen kwat suna bin sa a jirgin ƙasa. Shi kansa yana shakkar ko waswasi ne, mai kallo ma haka, sai ga shi a ƙarshen kashin sun tare shi sun kai shi gaban manyan E Corp. Zato ya zama gaskiya. Amma a farkon zango na biyu, wani mutum da ya cika kansa da jita-jitar intanet ya sami Gideon a mashaya, ya yanke hukuncin cewa da shi aka ƙulla makircin, ya harbe shi. Nan kuwa zato ya zama zunubi, har ya sha jinin marar laifi.

Mataki na uku ya fi muni. A zango na uku, bayan Dark Army ta tarwatsa gine-ginen E Corp 71 a rana ɗaya, dubban mutane suka mutu, sai aka ɗauko wasu ƙananan 'yan fsociety biyu, Mobley da Trenton, aka kashe su, aka shirya wurin kamar su suka yi aikin da sunan Iran. Trenton Musulma ce 'yar gidan 'yan ci-rani daga Iran, saboda haka jama'a ba su sha wahalar yarda ba. Akwai ma wani mai sharhi a talabijin da Whiterose ke gaya wa inda zai karkata zargin mutane. Watau mai ƙarfi ba ya tsoron a yi zargi, muddin shi ke nuna wanda za a zarga. Kashin da ya biyo baya, inda Elliot ya wuni da ƙanen Trenton, yaro ƙarami mai suna Mohammed, har suka ƙare a masallaci suna gardama a kan mutuwa da laifi, shi ne mafi taushin zuciya a duk wasan, kuma ba kasafai talabijin ta Amurka ke nuna iyalin Musulmi da irin wannan mutunci ba.

ZUBI DA SALO

Dabarar da ta ɗauke wasan gaba ɗaya ita ce ta mai ba da labari. Tun daga kalmar farko Elliot yana magana da mai kallo, yana kiran sa aboki, yana gaya masa abin da bai gaya wa kowa ba. Da haka ya sayi amincewarmu. Muna ji da kunnensa, har ma duk lokacin da wani ya ambaci E Corp sai mu ji ya ce Evil Corp, watau Mugun Kamfani, domin haka Elliot ya saba wa kansa ji. Sa'an nan sai a fara janye mana tabarma. A kashi na 8 muka gane cewa Darlene, 'yar fsociety, ƙanwarsa ce da ya manta. A kashi na 9 muka gane cewa Mr. Robot siffar mahaifinsa ce wanda ya daɗe da rasuwa, babu shi sai a cikin kan Elliot. A zango na biyu ya shafe kashi shida yana nuna mana yana zaune gidan mahaifiyarsa, a na bakwai ya ce mana a kurkuku yake, ya ɓoye mana ne don bai gama yarda da mu ba.

A adabinmu muna da masu ba da labarin kansu. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja yana yaudarar Malam Zurƙe da duk wanda ya gamu da shi, amma mai sauraro abokin dariyarsa ne, ba a yi da shi. Ganɗoki na Bello Kagara yana cika baki a gaban yara, amma kowa ya san inda tarihi ya tsaya aka shiga ƙasar aljannu. Elliot kuwa mu yake yaudara, wani lokaci da gangan, wani lokaci don shi ma an yaudare shi. Amfanin wannan dabara shi ne ta sa mai kallo ya ɗanɗani abin da ake magana a kai. Bayan zango na farko ba ka ƙara yarda da abin da idonka ya gani, kana duban kowane ɗan wasa kana tambayar ko akwai shi. An mai da kai mai waswasi.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna bayyana ciwon Elliot da cewa mutum ɗaya ne halinsa ya rabu gida-gida saboda wata azaba da ya sha yana yaro. Bahaushen da ya kalli wasan kuwa abin da zai fara zo masa a rai shi ne iska da dokinta, domin Mr. Robot yana hawan Elliot, ya yi aiki da jikinsa da muryarsa, ya sauka ya bar shi bai san abin da ya faru ba. Wannan kama ta sa wasan ya fi sauƙin shiga kanmu fiye da yadda masu shi suka zata.

Ɗaukar hoto ma tana taya jigo aiki. Sau da yawa akan ajiye ɗan wasa can a kusurwar allo ta ƙasa, a bar fili fetal a bisa kansa, sai ka ga mutum ya ƙanƙance, gini ya danne shi. Kashi na 5 na zango na uku an shirya shi kamar kyamara ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, tana bin Elliot da Angela hawa-hawa a hedkwatar E Corp ana tarzoma. Kashi na 5 na zango na huɗu kuwa jimla biyu kacal aka furta a cikinsa. Sai dai wani lokaci gwanintar takan yi yawa, musamman a zango na biyu, inda labari ya yi ta jan ƙafa ana jiran a tona asirin kurkuku wanda masu lura sun riga sun gano. Ya kamata kuma a faɗa cewa akwai shaye-shaye da batsa da zubar da jini a wurare da dama, wasu labarin na bukata, wasu kuwa yaji ne kawai aka barbaɗa. Ba wasan da za a kunna a tsakar gida ba ne.

AN SAI DA KARE AN SAYI BIRI

Da wasan ya tsaya a zango na farko, da ya zama irin labarin da aka saba, yaro ya ka da ƙato, kowa ya tafa. Darajarsa tana ga abin da ya nuna bayan nasarar. An shafe bashi, amma an shafe shaidar wanda ya biya nasa tare da ta wanda bai biya ba. Bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira a rana zuwa dala 50. Ƙananan kantuna suka rufe, shara ta taru a titi. Shugaban E Corp kuwa, Phillip Price, sai ya fito da kuɗin kamfaninsa na waya mai suna Ecoin, ya matsa wa gwamnati ta amince da shi, kamfanin da aka so a rusa ya wayi gari shi ke buga kuɗin da jama'a ke ciniki da shi.

Duk wanda ya ga farkon 2023 a Nijeriya ba ya bukatar a fassara masa wannan zango. A Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, da hujjar maganin masu ɓoye kuɗi da masu jabu da masu karɓar kuɗin fansa. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗi kuwa ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A garuruwa irin su Dodoru da kasuwannin ƙauye na Gwandu da Kalgo, inda ciniki hannu da hannu ne kuma banki yana da nisa, manomi ya kai shinkafa ko akuya kasuwa sai mai tsabar kuɗi ya yanka masa farashin da ya ga dama, masu POS kuma suna sayar da naira da naira. Lalle wannan manufar gwamnati ce, ba kutse ba, amma darasin ɗaya ne: in aka girgiza tsarin kuɗi daga sama, da kyakkyawar niyya ko da mummuna, na ƙasa ne ke fara faɗuwa. Wasan ya nuna haka tun 2016.

INDA WASAN YA GAZA

Bayan duk wannan hangen nesa, zango na huɗu ya yi abu uku da na ga sun warware abin da aka saƙa. Na ɗaya, laifi ya tashi daga kan kamfani da tsarin bashi ya koma kan wata ƙungiyar asiri ta attajirai mai suna Deus, wadda Whiterose ke juyawa. Price, wanda kamfaninsa ya binne maganar guba, ya zama uba mai nadama da ke taimakon Elliot don rama kisan Angela, wadda ta tabbata 'yarsa ce. To ai cewa wasu 'yan tsiraru ne a ɗaki ɗaya ke juya duniya, kuma shugabarsu baƙuwa ce daga Sin, shi ne ainihin irin tunanin da ya kashe Gideon da Trenton. Wasan ya faɗa ramin da ya nuna mana.

Na biyu, Darlene ta kwashe dukiyar 'yan Deus ta raba wa jama'a ta asusunsu na Ecoin, aka nuna mutane suna murna a titi. Zango na biyu da na uku sun wahala wajen koya mana cewa ba a gyara duniya da latsa maɓalli ɗaya. Me ya sa wannan latsawa ta yi daidai, waccan ta yi ɓarna? Ba a gaya mana ba, domin ba a nuna washegari ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. A kashi na 7 aka tona cewa mahaifin Elliot, wanda muka sani a matsayin wanda kamfani ya zalunta, shi kansa ya ci zarafin ɗansa yana ƙarami. A ƙarshe kuma aka ce wanda muke bi tun farko ba ainihin Elliot ba ne, wani ɓangare ne na halinsa da fushi ya haifa, wanda ya ɗaura aniyar gyara duniya don ya kare shi. Ba na musun cewa kashin nan na 7, wanda aka tsara kamar wasan dandamali mai fitowa biyar, yana cikin mafi ƙarfi a wasan, kuma zumuncin Elliot da Darlene a ƙarshe yana taɓa zuciya. Esmail ya fara tsara labarin ne a matsayin fim guda, ya kuma ce ya san ƙarshensa tun farko, saboda haka zaɓi ne ya yi da saninsa. Amma sakamakon zaɓin shi ne mai kallo ya tashi da tunanin cewa fushin Elliot ga E Corp rauni ne na yarinta da ya nemi inda zai huce. Mutanen da guba ta kashe fa? Masu bashi fa? An fara da tambayar wa ke riƙe da kundin bashin talaka, an ƙare da tambayar wane ne Elliot. Tambaya ta biyu tana da kyau, amma ba ita aka yi mana alkawari ba.

KAMMALAWA

Marubutanmu sun daɗe da taɓa makirci. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, ya feɗe fasa-ƙwauri da cin hanci. Kwana Casa'in na tashar Arewa24, tun 2019, ya nuna ƙulle-ƙullen 'yan siyasa a ƙagaggiyar Jihar Alfawa. Izzar So, wanda ya fara fita a 2020, ya shigar da mu ofishin kamfani, sai dai rigimar gida da ta soyayya aka kai can. Abin da ya rage shi ne a ɗauki kamfani kansa a matsayin tauraro, a nuna yadda yake tara asirin mutane da yadda yake sayen na ciki. Kayan aikin suna nan a gida, daga takardun Thomson na 1885 zuwa saƙon mai ba da rance ta waya. Wanda zai yi wannan aiki ya koyi dabarar mai ba da labari daga Mr. Robot, ya koyi nuna washegarin nasara, amma ya kiyayi mai da laifin tsari laifin wani mugu ɗaya, domin in an kashe mugun sai mai kallo ya kwanta da tunanin an gama.

Game da karin maganar da muka fara da ita kuwa, ina ganin tana nan daram tsakanin mutum da ɗan'uwansa, kuma mutuwar Gideon shaida ce. Amma tsakanin mutum da wanda ke riƙe da kuɗinsa da asirinsa, tambaya da bincike da neman a karanta masa takarda kafin ya sa hannu ba zato ba ne, tsare kai ne. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai da suka kalli wasan, musamman masu ganin ƙarshensa ya yi daidai, za su mai da martani a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace, amin.